Ruwan Tafkin Abdulwahabu

Na san a cikinku akwai waɗanda za su gama karanta wannan su ce Mariyatu ba ta da yafiya. Ba zan yi musu da ku ba. Roƙona ɗaya, ku bari in kai ƙarshe kafin ku zage ni.

A bazarar 1976 shekarata ashirin da ɗaya, ina buga tafireta a wani ofishi mai kula da famfunan gari, wanda ba zan kama sunansa ba. Yayana Malami ne ya samo mini aikin, don shi ma a nan yake, a ɓangaren ba da izinin jan ruwa. Gidanmu na Ƙofar Atiku, gidan ƙasa ne tun na kakanni, da dogon yaro a tsakar gida. A can ƙurya akwai ɗakin mahaifinmu, Malam Siddiƙu, wanda ya rasu shekara uku kafin nan. Babu komai a ɗakin sai littattafai, wasu a gafaka, wasu a akwatunan katako, kusan duka rubutun hannu, nasa da na ubansa da na kakansa. Duk Juma'a mahaifiyarmu, Inno, takan share ɗakin ta sa turaren wuta ta ja ƙofa.

Sai ga Abdulwahabu. Abokin Yaya Malami ne tun suna makaranta, amma kuɗin mai ya ɗaga shi sama. Kwangilar siminti da kwano yake yi. Ya sayi gidaje uku a bayanmu ya rushe, ya tada bene fari mai gilasai, har inuwarsa na rufe mana rana da hantsi. A bayan benen ya sa aka gina masa tafkin siminti na wanka. Ba wani babba ba ne, taku bakwai a tsawo, amma an ce da inji daga Turai mai tunkuɗo ruwa, mutum ya yi ta iyo a wuri ɗaya. A unguwar da mata ke layi da tulu a famfo ɗaya, kun san maganar ba ta mutu da wuri ba.

Bari in faɗa muku gaskiya, don ban zo nan in wanke kaina ba: na so shi. Dogo ne, yana da murmushi mai saukar da fushi, ga iya magana. Kullum ƙarfe goma wayar ofis sai ta yi ƙara, 'yan ɗakinmu su haɗa ido su yi dariya, in ɗauka in ji ya ce, "Mariya, kin karya kumallo ko in aiko direba?" Ya kawo kayan na-gani-ina-so, akwati biyu: leshi ruwan zuma, atamfa turmi shida, takalmi mai tsini da ban taɓa iya tafiya da shi ba, da agogon hannu siriri. Inno kullum maganarta ɗaya, in daina jan rai, mijin arziki ba ya jira. Yaya Malami kuwa har ya fi ta matsawa. Ni dai na ce a ba ni zuwa bayan damina. Ban san dalili ba, wani abu ne kawai ya riƙe ni.

Tun cikin watan uku Inno ta fara cewa bangon ɗakin Malam na danshi. Danshi a tsakiyar bazara, a Sakkwato, inda ko wanki ka shanya kafin ka juya ya bushe. Ga wani wari mai hawa kai, kamar na asibiti. Ta gaya wa Yaya Malami, ya leƙa ya fito ya ce gishirin ƙasa ne, zai kira magini. Maginin bai zo ba.

Ranar wata Juma'a da hantsi aka zo ofis aka kira ni. Kafin in isa, lungunmu ya cika da mutane. Bangon baya ya zube gaba ɗaya, rabin rufin ya bi shi. Inno na ciki tana shara lokacin, azara ta same ta a hannu ta karya. Na iske ta zaune a gindin dogon yaro, mai ɗori na ɗaure mata karare, ba ta kuka, idonta na kan ɗakin.

Na cire takalmi na shiga taɓon. Akwatunan da ke jingine da bango duk gindinsu ya ruɓe, ashe sun daɗe suna shan ruwa. Na buɗe gafaka ta farko, takardun sun manne sun zama curi ɗaya kamar tuwo. Waɗanda suka buɗu kuwa tawadar ta gudu, wasu shafukan sun yi fari fat, kamar ba a taɓa ɗora musu alƙalami ba. Akwai wani littafin fiƙihu da Malam ya yi shekara tara yana kwafa, a kansa ya koya mini karatu, ina zaune a gefen buzunsa. Na same shi. Shafi goma sha ɗaya kawai ke karantuwa.

Ta cikin ɓarakar bangon kuwa ga bakin wani baƙin bututu, ya fito daga ƙarƙashin katangar Abdulwahabu, yana ɗiga.

Bayan an sauko masallaci ya zo, cikin farar shadda, yana tattare bakin riga kada taɓo ya taɓa. Ya duƙa ya gaida Inno, ya yi jaje mai kyau. Ya ce laifin mai kula da tafkin ne, wani Irmiya. Nan take ya sa aka kira mutumin, dattijo mai furfura, ya wanka masa mari a gaban jama'a, ya ce ya kore shi, kuma kada ya kuskura ya ɗauki akwatin kayan aikinsa. Sannan ya juyo gare ni da murmushin nan nasa.

"Kada ki damu, Mariya. Da bulo zan gina muku. Littattafai kau, zan sa a kawo sababbi daga Masar, bugun inji. Waɗanga ai dama sun tsuhwa."

Na dube shi, hannuwana duk taɓo har gwiwa. Na ce na gode.

Kwana biyu ina shanya takardu a kan tabarma ina danne su da duwatsu. Inno ta ce ƙaddara ce, tunda yaron ya ɗauki nauyi a bar maganar, kada a ɓata abin arziki. Yaya Malami ya ce ko a waje kada in tada zancen. Ni kuwa zuciyata na kan Irmiya. So nake in ga idon mutumin da ya cuce mu in gaya masa magana.

Ranar Lahadi da la'asar na yafa gyale na tafi Unguwar Rogo, ina tambaya har aka nuna mini gidan hayar da yake. Matarsa Laraba ce ta tarbe ni. Da ta ji ko ni wace ce, fuskarta ta canza, amma duk da haka ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Baba Irmiya ya fito da rigar coci a jikinsa, kuncinsa bai gama saɓewa ba. Na buɗe baki da zafi. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce in saurara ya gaya mini yadda aikin yake.

Ya ce irin wannan tafki, in ana kula da shi, sai ya yi wata uku ba a zubar da ruwansa ba. Kullum da safe a tsame ganye da ƙwari, a auna farar hodar magani a zuba, duk mako a wanke tukunyar yashin da ke tace ruwan, in an gama wanka a rufe da tamfol. Amma Alhaji ba ya son warin magani sai ranar da ruwan ya fara kore, sannan ya sa a zuba ninki uku. Abokansa su shiga da man shafawa a jiki, su ci tsire a ciki, kwana biyar ruwan ya yi yauƙi. Sai ya ce a zubar a sake sabo. Duk mako, tun watan ɗaya.

Ya ce sau uku yana roƙon a haƙa ramin da zai riƙa shanye ruwan, ko a ja bututu zuwa babbar kwata. Alhaji ya ce wurin ramin nan ne Marsandinsa ke kwana. A saki ruwan ta baya, ƙasa za ta sha.

"Na ce masa, ranka ya daɗe, bayan nan bangon Malam ne, na ƙasa ne, ba zai ɗauka ba."

Na ce, "Mi ya ce?"

Ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai.

"Malama, ki yi haƙuri. Ya ce bari ya faɗi. In ya aure ki, dama gidan rushewa zai yi ya ƙara fili."

Ban san lokacin da na ajiye kofin ba. Masu karatu, akwai fushin da ke sa mutum ihu, akwai kuma wanda ke sa shi sanyi. Nawa na biyun ne. Na ba Baba Irmiya haƙuri a kan maganganun da na yi masa. Sannan na tambaye shi inda ake samun ruwan da ke cika tafki duk mako. Ya ce daga babban bututun unguwa aka jawo, kai tsaye. Shi ya sa duk ranar cikawa famfonmu ke tari babu ɗigo. Na ƙara tambayarsa abin da ke kashe irin wannan tafki. Ya ce abu biyu: a bar shi babu ruwa a rana irin ta bazara, ko a zuba masa ruwa mai laka a kunna inji.

Litinin ƙarfe goma waya ta yi ƙara. Na sassauta murya kamar ban taɓa sanin ɓacin rai ba. Na ce na yi tunani, ba sai an jira bayan damina ba. Har na ji numfashinsa ya sauya. Ya ce dama zai yi walimar buɗe gida nan da mako biyu, ranar Asabar, manyan gari za su zo har da hafsoshin soja, a nan zai sanar. Na ce ina son in ga tafkin nan da ake ta magana.

Na je da Gwaggo Kulu, ƙanwar Malam. Na sa leshin nan ruwan zuma, na ɗaura agogonsa, na zizara kwalli, har takalmin tsinin na daure na sa. Ya zagaya da mu yana nuna kujerun falo da firiji da labule har ƙasa. Tafkin kuwa shuɗin tayil ne, amma ruwan ya fara dusashewa, gansakuka ta kama gefe, don sabon ma'aikacin da ya ɗauka bai san kan abin ba. Ya kunna injin, ruwa ya dinga tafasa yana kumfa, Gwaggo Kulu ta ja da baya tana salati. Na yi ta yaba masa ina tambaya kamar sakarya. Da bakinsa ya nuna mini inda bututun ya shigo, ya ce ranar Laraba kafin walima za a zubar a goge tayil, Alhamis a cika da sabo.

Na ce, "To ruwan ina za shi bi, tunda bango ya hwaɗi?"

Ya yi dariya. "Ai yanzu hanya ta ƙara buɗewa."

Washegari na nemi fayil ɗinsa a ofis. Ban sha wahala ba, ni ke jera su. A takarda an rubuta cewa an ja bututun ne don famfon jama'a na unguwa. A ƙasa ga sa hannun wanda ya je ya duba ya tabbatar. Na san hannun nan kamar nawa. Na Yaya Malami ne.

Na daɗe zaune fayil ɗin a cinyata. Lokacin soja ne, a rediyo ake karanta sunan ma'aikaci a ce an sallame shi nan take. Yaya Malami na da mata da 'ya'ya biyu, kuma shi ya riƙe mu tun rasuwar Malam.

Da yamma na same shi a soro yana alwala. Na gaya masa abin da na gani, na tambaye shi ko ya san inda ruwan ke zuba. Da ya ce bai sani ba, wallahi da na maida fayil ɗin na nemi wata hanya. Amma bai ce ba. Ya ce ya sani, ya zaci bangon zai kai damina, kafin nan an yi biki an gyara komai. Ya ce in rufa mana asiri, takardun da sunka lalace ba za su dawo ba.

Na ce, "Yaya, Inno na cikin ɗakin."

Ya ci gaba da wanke ƙafa.

Na buga takardar ƙorafi da tafiretar ofis a lokacin hutun azahar, shafi biyu. Ban ɓoye suna ba, na sa Mariyatu Siddiƙu a ƙasa. Na bi gidajen lungunmu, mata goma sha tara suka dangwala yatsa, waɗanda suka gaji da kwana da tulu babu ruwa. Baba Irmiya ma ya sa hannu. Na riƙe ta a ƙasan adakata har ranar Laraba. Ina tsaye a tsakar gida da safe na ga ruwan tafkin na malalowa ta kan ɓaraguzan ɗakin Malam, kore, mai wari, har gindin murhu. Na jira ya tsaya cak. Sannan na yi wanka na tafi ofis, na haɗa takardar da fayil ɗin, na ajiye a teburin shugabanmu da hannuna. Sabon zuwa ne, kuma kowa ya san tsoron soja yake kamar ransa.

Alhamis kafin azahar ma'aikata sun tone titi sun datse bututun sun toshe. Ranar famfon unguwa ya zubo da ƙarfin da aka manta yana da shi.

Sauran labarin Gwaggo Kulu ce ta kawo mana, ita da ba a yin abu a bayanta. Tafkin ya yi wuni biyu babu ruwa a ranar nan mai ƙona tafin ƙafa, tayil ya fara ɗagowa, ƙasan ya tsage. Juma'a da yamma Abdulwahabu ya rasa yadda zai yi, ya sa motar tanki ta ɗebo masa ruwa daga gulbi. Ruwa ja, da laka da ciyayi. Aka kunna inji, ya yi gurnani ya yi hayaƙi ya mutu. Ranar Asabar manyan baƙi suka zo cikin manyan riguna, suka tsaya a bakin kududdufi mai ruwan kunun kanwa wanda ke tsiyayewa ta tsaga. An ce wani hafsa ya tambaye shi ko kifi yake kiwo. Kafin a ci abinci maganar satar ruwan unguwa ta zagaya kujeru, mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

A daidai lokacin na aika masa akwatunansa biyu a kan kura, ta babbar ƙofa. Leshin na wanke na goge na ninke. Na haɗa da 'yar takarda: akwatin kayan aikin Baba Irmiya, a maida masa kafin Litinin, in ba haka ba akwai shafi na uku. Lahadi da safe aka kai masa har gida.

In ce muku ban ji daɗi ba, na yi ƙarya. Na ji daɗi har cikin ƙashina. Ranar na ci tuwo malmala biyu.

Amma daɗin bai kai mako ba. Ranar Talata a labaran yamma aka karanta sunaye bakwai, na huɗu Malami Siddiƙu. Matarsa ta fasa kuka a ɗakinta. Shi kuwa ya fita, bai dawo gidan ba. Inno ta dube ni ta ce na tona asirin ɗan'uwana a kan takarda da tawada, daga nan ta daina yi mini magana. In na kai mata abinci sai ta juya fuska bango. Kwana huɗu muna haka, ina share mata ɗaki ina gyara mata ɗaurin hannu, ba ta ce mini ci kanki ba. Wannan ya fi komai ci mini rai, amma ko a lokacin da na tambayi zuciyata ko na yi nadama, amsar ba ta sauya ba.

Ranar Asabar da hantsi muka ji maganar maza ta baya. Na leƙa. Abdulwahabu ne tsaye a kan ɓaraguzan ɗakin Malam, da mutum biyu suna jan igiyar awo har cikin tsakar gidanmu. Ya rame, babu murmushin. Da ya gan ni ya zaro wata takarda daga aljihu ya ɗaga.

"Kin yi naki, Mariya. Wanga nawa na. Malami ya sayar min da rabonshi na gidan ga tun bara. Daga nan har dogon yaro."

Na karɓi takardar na karanta har ƙasa. Hannun Yaya ne, babu shakka. Sai dai ni ɗiyar Malam Siddiƙu ce, ban zauna gefen buzu a banza ba. Na miƙa masa abarsa.

"Ba a raba gadon gidan ga ba, Alhaji. Wa ya ce maka nan zuwa dogon yaro na Malami na? Kuma ko an sayar, mu da ke tarayya da shi mun fi ka haƙƙin karɓa. Ka naɗe igiyarka. Mu haɗu gaban alƙali."

Ya ce mace ɗaya, wadda ko ɗan'uwanta ba ya tare da ita, wa zai tsaya mata. Gaskiya kuwa ya faɗa.

Sai na ji takun takalmi a bayana. Inno ce, hannunta rataye a wuya, ashe duk ta ji. Ba ta dubi Abdulwahabu ba, igiyar da ta ratsa tsakar gidanta take kallo. Ta sa ƙafa ta take ta.

"Mariyatu," ta ce, "ɗauko min mayahina. Alƙalin ga almajirin ubanki ne ko ba nashi ba ne, yau sai ya ji ta bakina."

Na ce mata yau Asabar, kotu sai Litinin. Ta ce ta san gidansa.